Sunan da Aka Kira Daga Kan Rufi

Rumasa'u ta riga kowa a rugar gane cewa mahaifiyarta tana mutuwa. Ba irin ciwon da ake kaiwa asibiti ba ne. Inna Fadimatu tana tashi da asuba kamar kullum, ta tatsi shanun da suka rage musu, ta kirɓa fura, ta ɗora ƙwarya a ka, ta ratsa ta bayan gidajen bulon da ake ta ginawa a inda da can makiyayarsu ce, ta shiga kasuwar Dei-Dei. Sai dai abin da take dama wa 'yan katako da dillalan shanu ba ya shiga bakinta. In aka ajiye mata tuwo, sai ta gutsiri loma ɗaya, ta ture kwanon, ta ce ta ƙoshi. Ƙashin wuyanta ya fito fili. Zanin da yake mata daidai a bara, yanzu sai ta ƙara naɗe shi kafin ya kama.

Abin ya faro ne daga mutuwar Hammawa, ɗanta na fari, yayan Rumasa'u. Yana saman tirelar shanu, suna dawowa daga wata kasuwa ta bayan Keffi, motar ta kife a kusa da Uke. Mutanen garin suka yi masa sutura, suka binne shi kafin labari ya iso ruga. Abin da ya iso kawai rigarsa ce a cikin baƙar leda.

A wurin mutanensu, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta yabon sa, in ya kwanta ciwo wata ce a gidan take nuna damuwa a madadinta. Tun Rumasa'u tana ƙarama, "yayanki" take ji a bakin Inna, ko kuma "wancan". Da ya mutu, matan ruga suka cika tsakar gida suna hawaye, Inna kuwa tana bin su da ruwa a moɗa, tana tambayar su ya yara. Suka watse suna yabon ta, suna cewa Fadimatu ta cika 'yar mutunci.

Rumasa'u ba ta ga abin yabo ba. Ita kaɗai ce a rugar ta taka jami'a, ta yi digiri a kan tarihi, ba ta kuma taɓa sunkuyar da kai don kada a ce tana taƙama da shi ba. Ta ja Inna zuwa asibiti, aka rubuta maganin ƙarin jini, kwalbar ta zauna a gindin gado. Ta karɓo rubutu a wajen malam, Inna ta sha, ba abin da ya canja. Wata rana ta zauna a gabanta ta ce, "Inna, ki yi kuka. Ba kowa a nan sai ni."

Inna ta dube ta kamar ta zage ta. "An ce miki ba ni da tawakkali ne?"

Digirin bai samar wa Rumasa'u kujera a ma'aikatar gwamnati ba. Muryarta ce ta samar mata aiki. A saman wani shagon fenti a Dei-Dei akwai ɗan ɗaki da aka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai da yankakkiyar katifa don kada ƙarar kasuwa ta shigo. Nan Oga Zacharias, wani mutumin Filato mai tumbi da yawan dariya, yake fassara finafinan ƙasashen waje zuwa Hausa. Rumasa'u tana karanta Turancin da ke ƙasan hoton, ta mayar da shi Hausa, ta kuma ɗora muryarta a kan jarumar. Zacharias shi ne sarki, shi ne sarkin yaƙi, shi ne kowane tsoho. Kindness, 'yar ƙanwarsa, ita ke zaune a gaban kwamfuta, in kuma aka zo kan kuyangi ta miƙa wuya ta yi nasu.

A damunar nan suna kan wani fim mai dogon zango na ƙasar Koriya, labarin wata gimbiya ta zamanin da, lokacin da ake kiran masarautar Koriyo. 'Yar sarki ce, amma a gidan kakarta ta wajen uwa aka rene ta, sunan dangin kakar take amsawa. Mahaya dawakai daga arewa suka mamaye ƙasar, fada ta kwashe ta gudu wani tsibiri inda doki ba ya iya ƙetarawa. A can ubanta ya mutu, yayanta ya hau gado. Da yaƙi ya ƙi ƙarewa, sabon sarkin ya nemi sulhu, maharan suka ce sai an ba su ɗan gidan sarauta ya zauna a hannunsu a matsayin jingina. Sarki ya ɓoye nasa ɗan, ya miƙa ɗan farin ƙanwarsa.

Rumasa'u tana son matar nan. Ta taɓa bincika littattafan tarihin ƙasar, ta tarar irin waɗannan gimbiyoyi ba su samu fiye da 'yan layuka ba: 'yar wane, ƙanwar wane, uwar wane. Da yawansu ko sunan yanka ba a rubuta ba. Don haka duk maganar da ta fito daga bakin gimbiyar, Rumasa'u takan tsaya ta zaɓa mata Hausar da ta dace da mace mai tsayayyen wuya.

A ruga ma ana son ta. Da yamma, in an gama ɗaure maruƙa, mata kan taru a gindin mangwaro, a jingina waya da turmi a kalla. Inna ba ta kallo. Takan zauna a gefe, ta juya baya, tana bakacen gero. Amma wata yamma da aka kashe wayar, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Yaron matar nan, sun mayar mata da shi?"

Tun rasuwar, wannan ce tambaya ta farko da Inna ta yi a kan wani abu da ba saniya ba. Rumasa'u ta riƙe ta a ranta.

Ranar da suka iso kashin da amsar take ciki, ana ruwan sama, ƙarar kwanon rufi ta hana su ɗaukar murya. Kindness ta ce bari su fara kallo kafin ya tsagaita.

Wani manzo ne ya sauko daga jirgin ruwa, ya durƙusa a gaban gimbiya, ya miƙa mata riga a naɗe. Ta karɓa. Wani bawa ya jingina tsani da bangon fada, ya miƙo hannu a ba shi rigar. Gimbiya ta ture shi, ta tattare doguwar suturarta, ta hau da kanta. A kan rufin ta fuskanci arewa, ta ɗaga rigar tana kaɗawa, bakinta a buɗe.

"Wannan mata me yake yi a sama?" in ji Zacharias. "Shanya yake yi a cikin iska?"

Kindness ta tuntsire da dariya.

"Al'adarsu ce, oga," Rumasa'u ta ce. "In mutum ya mutu, a hau rufi da rigarsa, a kira sunansa sau uku, ko ransa zai juyo. Aikin bawa ne. Ita ta ƙi bari."

Dariyar Zacharias ta ɗauke. "A'a. Malamai za su cinye mu ɗanye. Za su ce muna koya wa yara kiran matattu. Kindness, yanke shi."

"Ba za a yanke ba."

"Madam Digiri, shagon nan nawa ne ko naki?"

"Shagon naka ne. Muryar tawa ce. Ka yanke, sai ka nemi wadda za ta ƙarasa maka gimbiyar."

Zacharias ya shafa tumbinsa, ya dubi Kindness, Kindness ta dubi kwamfuta. Ya san masu saye sun saba da muryar, ranar da aka canja ta za su dawo masa da surutu.

"Kin ga matsalar ɗaukar mai ilimi," ya ce. "To abeg, kar ki ce rai, kar ki ce ruhu. Uwa ce yana kuka, shi ke nan."

"Akwai wani abu," in ji Kindness. "Tun farko Ciroma muke ce wa yaron. A nan kuwa sunansa na yarinta take kira, wanda ba a taɓa faɗa ba. Duba rubutun. Ni dai harshena ba zai karye a banza ba."

"Ku sa masa wani suna mai daɗi," Zacharias ya ce. "Zacharias ma suna ne."

Rumasa'u ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan matar da aka tsayar a allon, rigar tana sama, bakin a buɗe, ba sauti. Ta yi tunanin Inna da bayanta a juye, kunnenta a wajen wayar. In bakin Inna ba zai iya faɗa ba, to wata uwar ta faɗa mata, ta cikin fim, inda ba mai cewa Fadimatu ta yi rashin kunya. Abin da ya toshe mata maƙogwaro ya fashe, abinci ya samu hanyar wucewa. Ta juya tunanin ta kowane gefe, ba ta ga inda ya ɓaci ba.

Ruwa ya tsagaita. Ta tsaya a gaban makirufo, Kindness ta ɗaga mata yatsa.

"Hammawa," ta ce, a hankali, kamar mai tashin wanda ya makara.

Matar allon ta sake kaɗa rigar.

"Hammawa."

A na uku muryar ta ƙwace mata. Ta fito daga can ƙasa, ta tsage a tsakiya. "Hammawa, ka dawo gida."

Kindness ta cire abin kunnenta ta ajiye. Ita ta san sunan, don ta je gaisuwa rugar, ta zauna a tabarma ta sha ruwan da Inna ta miƙa mata.

"Ruma," ta ce, "kin tabbata? Abu in ya fita daga kwamfutar nan, ba ni da igiyar jawo shi."

"Ki bar shi yadda yake."

Zacharias yana share ido da bayan hannu. "Wannan zai sayu," ya ce.

Da yammar da kashin ya fito, matan suka taru kamar kullum. Rumasa'u ta jingina wayar da hannunta, ta ƙara sauti, ta koma inda take iya ganin gefen fuskar Inna. Manzo ya durƙusa. Gimbiya ta hau tsani. Sunan ya fito.

Wata tsohuwa ta kai hannu ta rufe bakinta. Sauran suka sunkuyar da kai, ba wadda ta yarda ta dubi gefen da Inna take. Faifan ya tsaya a hannun Inna, geron ya gangaro gefe guda ya tsaya. Aka kira na biyu, aka kira na uku. Sai ta miƙe, ta ɗauki faifanta, ta shiga bukka.

Rumasa'u ta bi ta. Ta tarar da ita a tsaye tana juye gero a ƙwarya, idonta a bushe.

"Ki ɗaure maraƙin can," Inna ta ce. "Hadari na tasowa."

Rumasa'u ta fita ta ɗaure maraƙin. Ta ce wa kanta farawa ce, ƙasa mai tauri ba ruwan farko ke jiƙa ta ba.

A bakin kara, inda ake sauke shanu, akwai rumfar Ɗangoggo mai cajin waya da tura finafinai. Shi ya fara yanke wurin kiran daga cikin fim ɗin, don masu saye suna ta cewa a maimaita musu. Wani ya ɗora masa kiɗa a ƙasa. Wani ya mayar da shi ƙarar shigowar kira. Kafin a jima, duk inda ka juya a Dei-Dei sai ka ji shi, a aljihun ɗan acaɓa, a rumfar mai shayi, a cikin motar ɗaukar siminti. In bijimi ya tsinke igiya ya bazama, 'yan dako su bi shi suna ƙanƙance murya irin ta mata, suna cewa, "Hammawa, ka dawo gida," kasuwa ta ɗauki dariya. Tsirarun da suka san mai sunan sukan kawar da kai. Kasuwar babba ce, mafi yawa ba su sani ba.

Rumasa'u ta gani da idonta wata rana da azahar. Ta sauko daga wurin aiki, ta hango Inna a layin 'yan katako, a tsugune, tana dama wa wani direba fura. Wayarsa ta ɗauki ƙara a kan benci. Ya leƙa, ya ga mai kiran, ya ƙyale ta tana ta yi. Muryar Rumasa'u ta cika rumfar, tana tsagewa, tana komawa farko, tana sake tsagewa. Inna ta ci gaba da juya ludayi.

"A ƙara suga?" ta tambaye shi.

Rumasa'u ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. "Malam, kashe wayar nan."

Direban ya ɗago a fusace, sai kuma fuskarsa ta washe. "Tsaya. Sake magana. Wallahi ita ce. Jama'a, ga gimbiyar nan da kanta."

Mutane suka fara matsowa, wasu sun ɗaga wayoyi.

"Hajiya, yi mana shi kai tsaye mana."

"Sau ɗaya kawai, don Allah."

"Ashe Bafullatana ce. Shi ya sa sunan ya zauna mata a baki."

Inna ta miƙa wa direban furarsa, ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta ɗora a ka, ta ratsa tsakiyarsu. Ba ta yi sauri ba. Ba ta dubi 'yarta ba.

Daga nan Rumasa'u ta wuce rumfar Ɗangoggo. Da ya ji abin da ke tafe da ita sai ya dafe kai.

"Innalillahi. Na san shi fa, ya sha kawo caji a nan. Wallahi na ɗauka suna ne ya zo ɗaya." Ya goge a wayarsa a gabanta, ya goge a kwamfutarsa. "Amma 'yar'uwa, masu tura finafinai na Karshi fa? Na Mararraba fa? Direbobi sun kai shi har Legas."

Zacharias ma ya ce zai sa a canja sunan a abin da za a tura nan gaba, ya kuma ce ta huta in tana so. Ta ce ba ta gaji ba. Ta koma gaban makirufo washegari. A kashin da ya biyo baya, gimbiya ta sauko daga rufin, aka kai ta gaban sarki cikin fararen kayan makoki, fadawa suna yi mata alamar ta rusuna. Ba ta rusuna ba. Rumasa'u ta sa mata magana a baki, murya a daidaice: "Ka sayi tsibirinka da ɗana. Ka zauna a kai da kyau, don ya yi tsada." Kindness ta ce ba sai an sake ba.

Inna kuwa ba ta fasa zuwa kasuwa ba. Kullum takan tafi, ta dawo, ta wanke ƙorai. Ba ta ce wa Rumasa'u komai a kan abin ba, ba ta kuma ƙara zama a gindin mangwaro ba. Matan ma sun daina taruwa.

Sai Kawu Abdulbaƙi ya zo. Yayan Inna ne, dogon tsoho mai ƙarancin magana. Ya daɗe yana cewa zaman Abuja ya ƙare wa mai saniya, kowace shekara sai a wayi gari an kafa sabuwar katanga a kan burtali. Yana shirin kora garkensa ta bayan Karshi, ya nausa dajin Nasarawa inda wasu danginsu suke. Tun mutuwar mijinta yake ce wa Inna ta haɗa shanunta da nasa, tana ƙi, don 'yarta tana makaranta, daga baya kuma tana aiki.

Ya daɗe a bukkar Inna. Da ya fito ya tarar da Rumasa'u a tsakar gida, ya tsaya ya jingina da sandarsa.

"Abin da bokon ya koya miki ke nan? Ki kwance wa uwarki zani a kasuwa?"

Ya kamata ta durƙusa. Ba ta durƙusa ba.

"Kawu, kuna yabon ta tana mutuwa a gabanku. Ni kaɗai na yi wani abu."

Hannun tsohon ya matse a kan sandar. Daga cikin bukka Inna ta ce, "Yaya, ƙyale ta." Ya tofar da yawu a gefe, ya fita.

Da magariba ta wuce, Rumasa'u ta tuƙa tuwo, ta kai wa Inna nata kamar kullum, ta juya za ta fita don kada ta ga an ture shi.

"Akwai man shanu?" in ji Inna.

Ta kawo da rawar jiki. Inna ta zuba, ta wanke hannu, ta fara ci. Tana ci a hankali, tana runtse ido a kowace haɗiya kamar mai shan maɗaci, amma ba ta tsaya ba. Ta cinye, ta suɗe kwanon, ta ce a ba ta nono. Rumasa'u ta zauna a ƙasa. Ta ji wani abu mai ɗumi yana hawowa daga cikinta. Ashe dai ta yi daidai.

"Tafiyar ƙasa ce," Inna ta ce, tana goge baki da gefen zani. "Ba zan zama kaya a wuyan kawunki ba. Sai na yi ƙarfi kafin shanu su tashi."

Ɗumin ya koma inda ya fito.

"Za ki bi shi."

"Zan bi shi."

A waje wata saniya tana kiran maraƙinta.

"Matar nan taku," Inna ta ce, "ta hau sama ta zubar da nata, ta sauko hannu wofi. Wataƙila a ƙasarsu haka ake samun sauƙi. Ban sani ba." Ta dafa ƙirjinta da tafin hannu. "Ni abin da nake da shi ke nan. Ranar suna aka raɗa, na ji, na haɗiye. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba, ban yi masa waƙa ba, ban ga kabarinsa ba. Wannan kaɗai ne nawa, ba wanda ya taɓa shi. Yanzu da shi ake korar bijimi."

"Inna, da kin mutu."

"Wataƙila."

Rumasa'u ta ji hawaye na neman zuwa, ta danne su. Ta ɗago kai.

"Ba zan ce na yi nadama ba. Ga kwanon nan wayam."

"Ban tambaye ki ba."

"To zan bi ku. In ajiye aikin."

Inna ta dube ta sosai a karon farko tun ranar gindin mangwaro. Ba fushi a idon. Da fushi ne da ya fi sauƙi.

"Yayanki ya sayar da bijiminsa don ki zauna a inda kike. Ki zauna." Ta kawar da kai. "Kuma ba zan ɓoye miki ba, Rumasa'u. Yanzu in kika buɗe baki, ko ruwa kika ce in miƙo miki, rufin nan nake ji. Ba laifinki nake gani ba. Kunnena ne ya ƙi."

Rumasa'u ta buɗe baki za ta amsa, sai ta rufe. Ta ɗauki kwanon ta fita wankewa.

A kwanakin da suka biyo baya Inna ta ci gaba da ci, safe da yamma, kamar mai aikin da aka ɗora mata. Kumatunta suka ɗan ciko. Rumasa'u ta nemi ɗaki a gidan su Kindness a Kubwa. A gida ta koyi yin komai ba magana: ta nuna da hannu, ta ajiye abu inda za a gani, ta gyaɗa kai. Tare suka kwance bukkar, suka ɗaure asabarai, suka jera ƙorai a cikin raga.

Da hantsin ranar tafiya garken ya tashi. Kawu Abdulbaƙi yana gaba da sandarsa a kafaɗa, shanu suna tafe a bayansa, jakuna ɗauke da kaya, mata a ƙarshe. Rumasa'u ta ɗauki ragar ƙoran Inna a kanta, ta raka su ta gefen katangun sababbin gidaje, ta wuce wurin masu buga bulo, har inda kwalta ta yanke hanya. Motoci suka tsaya suna ta hon, shanu suna ƙetarawa a natse.

A nan ta sauke ragar, ta ɗora wa Inna a ka, ta gyara mata gammo. Inna ta kama hannunta, ta riƙe na ɗan lokaci, ta saki.

"Allah ya tsare," ta ce.

Rumasa'u ta gyaɗa kai.

Inna ta ƙetara titin a bayan saniyar ƙarshe, bayanta a miƙe. A ɗaya gefen ta sa hannu a ƙullin zaninta, ta ɓallo guntun fura, ta kai baki, tana tafe tana taunawa. Rumasa'u ta tsaya a bakin kwalta, kalmar "Inna" ta cika mata baki, ta riƙe ta a bayan haƙoranta har ciyawa ta rufe Inna da garken.